Layin da Audi Bai Gwada Ba

Ana kiran magariba, Rahmatu na kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan rufin gidan mijinta Audi a Dutsin-Ma. Aka leƙa waje, ba kowa. Washegari jifan ya dawo, 'yarsu Zinariya kuma ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, ta farka da muryar tsoho.

Audi ma'aikaci ne a wani ofishin gona da aka kawo wa kwamfuta a 1988. Shi aka tura kwas, shi ya rubuta ɗan littafin koyon aiki da ita. A ciki ya ba da misalin layukan umarni na saita na'urar, bai gwada su ba, ɗaya kuwa kuskure ne. Akawunsu Enoch, mai haya a gidansa, ya bi misalin harafi da harafi. Na'urar ta ƙi tashi, rabon taki ya tsaya tsakiyar damina. Aka kori Enoch, ya tattara kayansa ya bar gidan. Audi ya ɓoye cewa kuskurensa ne.

Da Zinariya ta faɗi, aka ɗauko Malam Ɗanmusa mai maganin aljanu daga Barkiya. Ya daɗe yana karatu a kan yarinyar kafin ya ce, "Kai wane ne?"

"Maƙwabcin Enoch ne ni, a tsamiyar bayan ɗakinsa. Bai taɓa watsa mini ruwan zafi ba. Ranar da zai tafi na ji kukansa."

"Me kake so?"

"Baƙin bunsuru."

"Ba za a zubar maka da jini ba."

Muryar ta yi wata dariya mai sanyi. "To, maigida ya gyara layinsa, ya faɗi na wane ne kuskuren."

Rahmatu ta dubi mijinta. "Malam, wane layi?"

Audi ya kasa ɗaga kai. Zufa na ɗiga daga haɓarsa ya ce, "Zan gyara." Zinariya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da safe Audi ya gwada layin sai da na'urar ta tashi, ya bi kowane kwafin littafin da biro ya gyara, sannan ya shiga wurin shugaban ofis ya faɗi gaskiya. Da la'asar ya sami Enoch a Kurfi yana ɗinkin buhuna.

"Enoch, laifina ne. An ce ka dawo."

Enoch bai ajiye basillarsa ba. "Na sani tun ranar, Malam Audi. Jira nake ka faɗa."