Jan Gashi a Jirgin Fiachra

"Ɗauke ƙafarki daga jirgin ɗana," in ji Bríd, uwar Fiachra.

Nuala ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaɓa, ɗaya a kan katako, iska na kaɗa jan gashinta.

Ni Manus ina wurin, don ba a taɓa yin wani abin kirki a garin nan ba tare da ni ba. Ban yi boko ba, amma sau uku teku tana haɗiye ni tana tofowa, daga nan ta haƙura.

Babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya can nesa, tasharmu ta yi masa kaɗan. Baƙin da ya sauke sun kasu: wasu mota za ta kai su kallon duwatsun gaɓa, wasu gidan masaƙa, sauran kuma tsibiri, wurin kangon tsohuwar coci. Mota ce aikin Nuala. Tsibiri na Dervla ne, ita ke yi wa baƙi bayani, Fiachra, saurayin Nuala, na tuƙa jirgi. Da safen nan Dervla ta aiko wai muryarta ta dushe. Ta san hazo na tafe, ta san Nuala za a tura, kuma tun suna yara take son Fiachra.

A wurinmu mace mai jan gashi ba ta hawa jirgin masunta. Ranar da Colm, uban Fiachra, ya nutse, uwar Nuala ce ya fara cin karo da ita a hanya, ita ma jan gashi gare ta. Bríd, matarsa, ba ta manta ba.

"Mama, baƙi na kallonmu..." in ji Fiachra.

"Su kalla. Mijina ya tafi, ba zan ƙara da kai ba. In ta hau jirgin nan, ba aure, ba gaisuwa."

"Ko ban hau ba, ai kin ce ba auren," Nuala ta faɗa a hankali.

Na kama hannun Nuala na shigar da ita.

"Bríd, ina cikin jirgin ranar, ke kina gida. Shekara nawa ina faɗa miki ba gashin kowa ba ne?"

"Tsohon banza, kai da teku ma ta ƙi ka."

"Ta san wanda ya fi ƙarfinta."

Muka tashi.

A tsibirin akwai wasu mulmulallun duwatsu a kan bagadin cocin. In ka juya dutse yadda rana ke tafiya, albarka ka nema. In ka juya shi ta hagu, baki ka yi wa mutum, kuma in ba shi da laifi, kanka zai dawo. Nuala na cikin bayani sai idonta ya kai kan bagadin. Babban dutsen an juya shi ta hagu, an ɗaure shi da silin jan gashi.

"Gashina ne," ta raɗa. "Jiya Dervla ta taje min kai..."

"Kalle ni, zuciyata," Fiachra ya riƙe fuskarta. "Dutse ne kawai."

Ya janye ta daga wurin dutsen.

Sai hazon ya sauko. Tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya, ko ƙarar ruwa ba a ji. Baƙi suka daina ɗaukar hoto, suka koma jirgi.

Fiachra ya tada inji, ya karkata ta hagu don ya yanke hanya.

A lokacin muka ji fito. Can cikin hazo, ta hagun, inda ba ƙasa ba jirgi. Fiton Colm ne, wanda yake kiran ɗansa da shi. Ni da ban san tsoro ba, gashin wuyana ya miƙe.

"Baba..." in ji Fiachra, idonsa a kafe.

Nuala ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Ta dama, masoyina. Yadda rana ke tafiya."

"Yana kirana."

"Ni ma ina kiranka. Ni ina da rai."

"Bi ta, yaro," na ce. "Ubanka ta hagu ya juya ranar, yana sauri. Can duwatsun suke."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya murza ta dama. Fiton ya biyo mu kaɗan, ya yi nisa, ya ɗauke.

Nuala ta tafi goshin jirgin ta tsaya tana duba ruwa, tana nuna masa hanya da hannu, har muka fara jin ƙararrawar tasha.

Bríd ce ke kaɗa ta, tafin hannunta duk ya kumbura. Daga baya ta faɗa da bakinta cewa ba ta ga jirgi ba, ba ta ga ɗanta ba. Abin da ta fara hangowa cikin farin hazon nan jan gashi ne, kamar fitila.

Da muka sauka ba ta je wurin Fiachra ba. Ta tsaya gaban Nuala, ta sa hannu ta matse mata ruwan da ke gashin.

"Kin jiƙe, 'yata. Zo gida ki sha shayi."

Dervla kuwa, muryar da ta ce ta dushe ta dushe da gaske. Ranar ɗaurin auren tana bayan coci, tana motsa baki, ba abin da ke fita.

Ni na fara rawa da amarya. Wa zai hana ni?