Jinin Da Ba Nasa Ba

Nuriyya ta sake ɗaga takardar, ta kawo ta daf da idonta kamar wadda ba ta iya karatu ba...

Sunan Gazali ne a sama, hotonsa ne a gefe, ga hatimin ɗakin gwaji. Amma a layin rukunin jini an rubuta O.

Gazali kuwa ba O ba ne.

Bara, da wani sa ya soki mahaifinta Baba Yari da ƙaho a kasuwar shanu, aka kwantar da shi ana neman jini, Gazali ne ya fara naɗe hannun riga. Aka ɗebi nasa don gwaji. Can ya fito yana share zufa, ya ce mata ba a karɓa ba, shi B ne, Baba kuwa O. A ranar ta ƙara sonsa, don ta ga yadda abin ya dame shi har idonsa ya yi ja.

Su biyu kacal aka zaɓa a ajin ƙarshe na likitancin dabbobi, su je wata jami'a a ƙetare su yi shekara guda suna sanin makamar aiki. Wata biyar suna haɗa takardu: sakamakon jarrabawa, fasfo, shaidar iya harshe, wasiƙar amincewar iyaye, sai ta likita, wadda ita ce mai tsanani, don ƙasar ba ta barin mai ciwon hanta ya shiga. Baba Yari ya ce shi dai ɗiyarsa ba ta ƙetare ruwa babu muharrami. Gazali ya turo manyansa, aka sa rana, sannan Baba ya dangwala hannu a wasiƙar. Yau saura kwana tara ɗaurin aure.

Da ma ita ke riƙe masa fayil, don Gazali mutum ne da zai iya ɓatar da takarda tana cikin aljihunsa. Shi ya sa ta zauna a barandar sashensu na jami'a tana jera nasa da nata.

"Kin gani ke nan."

Nabila ce tsaye a kanta. Ita ta zo ta uku a zaɓen, kuma kowa a ajin ya san tun shekarar farko take yi wa Gazali murmushin da bai taɓa mayar mata ba. Ba ta jira an ce ta zauna ba. Cikin sanyin murya, kamar mai ba da labarin biki, ta ce ranar gwajin tana ɗakin, ta raka ƙanwarta. Da aka kira sunan Gazali, wanda ya miƙa hannu Junaid ne, ɗan kawunsa, wannan da ake cewa kamar an tsaga kara.

"Litinin kwamitin zaɓen ka zama," in ji ta. "Ko Gazali shi janye da ƙahwa tai, ko in hwaɗi abin da nig gani. Ke kuma, Nuriyya... ki tambayi kanki mi yake ɓoyo cikin jini nai."

Nuriyya ta so ta zage ta. Sai dai ta tattara takardun ta tashi, don abin haushi shi ne maƙiyiyarka ta zo maka da gaskiya.

A keke napep har unguwarsu Runjin Sambo ba ta ga hanya ba. Gida ta tarar ya cika da ƙamshin mai, mata sun baje a tsakar gida ana tuyar dubulan da alkaki. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba, wadda tun farko ta ce wannan aure na gaggawar jirgi bai kwanta mata ba, ta dube ta sama da ƙasa ta ce amarya tun yanzu an fara kewar gida? Mata suka yi dariya. Nuriyya ta wuce ɗaki, ta kira Gazali, ta ce ya zo bayan la'asar.

Ya zo da fara'arsa, da ledar tsire a hannu. Suka zauna a zaure, tabarma ɗaya a tsakaninsu.

"Nurina, hasken idona... wa yat taɓa mani ke?"

Ta tura masa takardar, ta ɗora yatsa a kan harafin.

Ya duba. Ta ga fara'ar tana sauka daga fuskarsa a hankali, har ba ta bar komai ba. Tsoro ya kama ta sosai, don har zuwa wannan lokacin tana fata ya yi dariya ya ce kuskuren masu bugawa ne.

Bai yi musu ba. Kansa a ƙasa ya ce ranar da ya je ba Baba jini, ba rukuni kaɗai ya hana ba. Likita ya ja shi gefe ya gaya masa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Bai gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarsa. Yana shan magani a ɓoye, kuma an ce da kulawa mutum yana tsufa da shi. Da sharaɗin gwaji ya fito sai ya ga komai zai rushe: idan shi bai tafi ba, Baba ba zai bar ta ta tafi ba, ga shi ya san yadda ta ci wahala a kan karatun nan. Shi ne ya roƙi Junaid.

"Don ke niy yi, Nuri. Wallahi don ke."

Tausayinsa ya cika mata ƙirji. Shekara guda yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana zuwa nan yana ba ta dariya! Ta ji kamar ta ce ya share hawaye, tafiyar banza, a bar wa Nabila, su yi aurensu su zauna a Sakkwato.

Sai kuma karatunta ya tsaya mata a rai. Ta san yadda ciwon ke bi daga miji zuwa mata, daga uwa zuwa jariri. Ta san akwai rigakafi, ta san watanni yake ɗauka, kuma ita ba a taɓa yi mata ba.

"Gazali," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Saura kwana tara. Yaushe kay yi niyyar gaya mani?"

Ya kawar da kai.

"Yaushe?"

"In... in mun sauka can."

"Bayan an kai ni ɗakinka ke nan."

Bai ɗago ba. Daga cikin gida ana jin guɗar wata da ta kasa jiran ranar biki.

"Da ka gaya mani bara, da ni za ni riƙa tuna maka magani," ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. "Da na yi allurata, na aure ka da ciwonka, ko duk Runjin Sambo sun taru sun hana. Amma kai ka zaɓi ka gwada sa'a da jikina."

Ya kira sunanta sau biyu. Ta tashi ta shiga gida.

Baba Yari na zaune a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafar da har yanzu ba ta gama warkewa ba. Ta durƙusa ta gaya masa komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya daɗe yana jan carbi. Shi mutum ne da ya saba duba bakin bijimi kafin ya saya, ga shi yau an kusa shigo masa da abin da bai duba ba.

"A ɗaga, ko a hwasa?" ya tambaye ta.

"A hwasa, Baba."

"Kin san in anka hwasa, babu tahiya."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga murya ya ce wa Gwaggo Mairo a sauke kaskon tuya. Tsakar gida ta yi tsit.

A nan ne kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a gwiwarsa kamar ƙaramar yarinya.

"Ina son shi, Baba... Wallahi har yanzu ina son shi."

Ya dafa kanta da hannunsa mai kaushi.

"Na sani, ɗiyata. Shi na bai sani ba."