Fedar da Ta Watsa Sujada

Wayar gitar bes ce ta harɗe ƙafar Keziya a gaban mawaƙa, a wata majami'a da ke bayan tashar jirgin Kafanchan. Mai gitar, Godspower, ya durƙusa yana warwarewa, ita kuwa tana kallon ƙeyarsa tana danne dariya.

"Kai ne sabon mai bes? Daga zuwa za ka karya mutum?"

"Yi haƙuri, sista. Ko kin faɗi zan tare ki."

Daga nan aka ɗora. Kafin a haƙe citta a gonaki, har an fara zancen gaisuwar iyaye.

Amfilifayar majami'ar, wato na'urar ƙara sauti, mai transisto ce, sautinta tas kamar ruwan famfo, shi kuwa gogan gurnani yake so. Ya sayo wata 'yar feda ta ƙarin ƙarfi. In an taka ta, sai ta ɗura wa amfilifaya sauti fiye da cikinta, muryar ta shaƙe ta yi kauri. Nelson mai kibod, wanda ya daɗe yana zagayen Keziya, ya ce masa mai transisto ba ta shaƙewa a hankali, tsagewa take yi. Gaskiya ya faɗa, amma wa zai saurari abokin takara?

Ran Asabar ya tura mata saƙo: "Kezi na, gobe ki kasa kunne. Zan gaishe ki da ƙafa."

Ta amsa: "A hankali dai, masoyi. Baba yana layin gaba."

Washegari a majami'a, ana cikin waƙar baiko, ya murɗe fedar har ƙarshe, ya taka. Sifika ta saki wani ruri mai tsattsagewa, kamar tarin babura sun doso gari. Rabin masu sujadar nan gudowa suka yi daga ƙauyukan Zangon Kataf, sun kuwa san wannan ƙarar. Wata mata ta ƙwala ihu, "Sun zo!"

Benci ya kife, uwaye suka suri yara, aka toshe ƙofa. Dattijo Silvanus, mahaifin Keziya, shi kaɗai bai motsa ba. Yana tsaye yana kiran Martina, matarsa da ya rasa ranar da baburan gaske suka shigo ƙauyensu.

Ba wanda ya mutu, amma maganar aure ta mutu. Dattijo ya ce kada yaron nan ya sake taka masa ƙofa. Keziya ta rame, ta daina waƙa. Godspower ya tsani ƙafarsa, ya rubuta mata: "Zan jefa fedar a kogi."

"Kar ka jefa. Baba baya barci, yana jin ƙarar a kansa. Kawo ta gida da rana, ya ga abin da ido."

Ya zo da fedar da gitar da amfilifayar a bayan acaɓa. Ya haɗa komai da batir a tsakar gida, ya rage fedar ƙasa sosai, ya ajiye ta gaban tsohon, ya durƙusa.

"Baba, na yi laifi. Ga abin. Ku taka da kanku."

Dattijo ya daɗe yana kallon fedar kamar maciji. Keziya ta riƙe hannunsa. Godspower ya kaɗa tsirkiya, tsohon ya taka. Gurnani ya taso, mai taushi wannan karon, amma fuskarsa ta canza. Ya sake takawa da sauri, gurnanin ya ɗauke. Ya taka, ya dawo. Ya taka, ya ɗauke.

"Ashe wannan yana tsayawa in na ce ya tsaya," ya faɗa a hankali, hawaye na bin gemunsa. "Wancan bai tsaya ba."

Can ya share fuska ya ce, "Tashi, yaro. Ka turo iyayenka."

Ranar ɗaurin aure, fasto ya fara sanar da jama'a cewa za su ji gurnani, kowa ya zauna. Duk da haka wasu mata suka jawo yaransu jiki. Ango ya rataya gita a kan kwat, amarya ta karɓi makirufo, Dattijo Silvanus ya fito gaba da sandarsa.

"Ubangiji ya ba ku gidan da ba za ku gudu daga ciki ba," ya ce. Jama'a suka amsa da amin, sannan ya ɗora ƙafarsa a kan fedar.