Wace Ce Uwar Sada?

Bara'atu na tankaɗen gari a tsakar gidanta a Farin Dutse, mijinta Safiyanu direba ya faɗo ko sallama babu.

"Ɗauko mayafinki! Farfaɗiyar yaron nan ta tashi tun safe, ta ƙi sakinsa. Yaya Azumi ta wuce da shi asibiti Birnin Kudu."

Yaron nan shi ne Sada, ɗansu na fari. Shekararsa shida, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, maganarsa ɗaiɗai ce. Ranar da aka yaye shi Azumi, yayar Safiyanu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi ta tafi Gwaram. Bara'atu ba ta ce uffan ba, don an ce ɗan fari abin kunya ne, uwa ba ta faɗin sunansa, balle ta nuna tana sonsa.

A ƙofar ɗakin yara nas ta tare su.

"Mai jinya ɗaya tak. Wace ce uwarsa?"

Dangin miji sun cika barandar. Bara'atu ta sunkuyar da kai.

"Ni ce," in ji Azumi, ta shige.

Kwanaki Bara'atu na gindin darbejiya tana leƙe ta taga. Tana gani Azumi na ba shi koko, tana goge masa yawu, shi kuma yana miƙa hannu yana cewa "Inna." Duk kiran sai ta ji kamar an ɗiga mata ruwan zafi a ƙirji.

Safiyanu ya kawo mata ƙosai, ta ture.

"Haba Bara'atu! Wai kishi kike da Yaya?"

"Kishi nake, Malam! Ni na yi naƙudarsa, amma sai ta taga zan gan shi kamar ɓarauniya? In ya mutu ma ita za a yi wa ta'aziyya!"

"Ki rufa min asiri, ita ta raine ni."

"To ta riƙe ku duka. Ana sallamarsa ka kai ni gidanmu."

Ya shiga tsaka mai wuya, don yana sonta, yana kuma tsoron yayarsa.

Da likita ya zo zagaye ya tambayi Azumi yadda aka haifi yaron. Ya yi kuka da ya faɗo? Ya yi shawara? Azumi ta hau kame-kame.

"Hajiya, ke kika haife shi kuwa?"

Dole aka kira Bara'atu. Tana tsaka da bayani jikin Sada ya sandare, idonsa ya juye, gadon ya ɗau rawa.

"Ku juya shi gefe! Kada a sa masa cokali a baki!" in ji nas.

Bara'atu ta riga kowa. Ta tallafe kansa tana kuka.

"Sada! Sada ɗana, ga ni, ga uwarka!"

Azumi ta dafe ƙirji. "Iye! A gabanmu? Safiyanu, ka ji rashin kunya?"

"Na ji, Yaya." Safiyanu ya matso kusa da matarsa. "Ni ma kunyar ce ta sa na bar matata a gindin bishiya. Yau ita za ta yi jinya."

Da aka yi wa yaron allura ya yi barci, sai Azumi ta fashe da kuka. "In kun karɓe shi, wa zai ce min Inna?"

Bara'atu ta dube ta, ta ga ashe ciwonsu iri ɗaya ne. Ta matsa mata a bakin gado.

"Zauna, Yaya. Yaron da ba ya tafiya, baya biyu ba su yi masa yawa ba."

Da aka sallame su Safiyanu ya gyara wa Azumi ɗaki a Farin Dutse, Sada ya dawo gidan ubansa, ana ba shi maganinsa safe da yamma.

Haƙurin Bara'atu ya yi rana, amma ba ita ce ya kamata ta biya wannan farashi ba. Iyaye da dangin miji, ku gyara! Kunya ado ce, sai dai duk al'adar da za ta tsayar da uwa a bayan taga ɗanta na jijjiga, zalunci ce. A mayar wa uwaye 'ya'yansu tun suna da rai.