Tukuicin Rafi

Tun kakanninmu ba su zo duniya ba, aka yi wata tsohuwa da ta ɗora wa kanta gadin rafi. Duk wanda ya zuba shara a ruwa, sai ta kai masa kwaɗo a ƙwarya.

"Rafi ya gode. Ga tukuici."

Mahauci ya zuba, ya sami kwaɗo. Marini ya zuba, ya sami kwaɗo. Ran nan mai gari ya zuba.

Mutane suka ce, "Iya, wannan karon ki kau da kai."

Ta ce, "Babban mutum a hana shi tukuici? Kwaɗo ma ya yi masa kaɗan!"

Da hantsi ta yi sallama a fada, tana janye da kada.

"Ranka ya daɗe, rafi ya gode."

Daga kan katanga mai gari ya ce, "Iya, na fasa kyautar! Bari in je in kwashe abata."