Fangali na Tara

Sau uku Dogo yana dasa furanni a fangali na tara, sau uku yana zuwa da safe ya tarar an tuge su. Kuma ba ɓarnar akuya ba ce. Jere yake samunsu a gefe, tsaf, har an kakkaɓe musu ƙasar saiwa. Duk lambun birnin ya ɗauki fure, ja da fari da rawaya, fangalinsa kaɗai ke kwance fayau kamar kan mai sanƙo.

Ga shi washegari za a buɗe lambun ga 'yan kallo. Shugabar lambun ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce, "In na zo gobe na ga ƙasa tsirara a nan, ka ajiye min makulli ka kama gabanka."

Takaici ya ishi Dogo. Shekara goma sha ɗaya yana dashe a lambuna daban-daban, yau shi ake wa kallon ɗan koyo.

Mai gadi ya ja shi gefe, ya rage murya. "Tsohon da ka gada bai taɓa shuka komai a nan ba. Ruwa kawai yake zuba wa ƙasar da yamma, ya wuce. Ya ce wurin da mai shi, kuma ita take zaɓar abin da za a dasa."

Dogo ya ja tsaki. "To mai shi ta zo ta yi wa Shugaba bayani mana."

Da la'asar ya yi dashe na huɗu. Ya gama, ya tsaya a tsakiyar fangalin da takalmansa na roba, shebur a hannu. Yau sai ya ga ɓarawon.

Magariba ta doso. Tsuntsaye suka yi tsit lokaci guda. Ƙamshin furanni ya ɗauke, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta sabon rami.

Ya ji motsin gwangwanin ban-ruwa a bayansa. Ya waiga. Ba kowa.

Furen farko ya zare kansa daga ƙasa, ya kwanta a gefe. Na biyu ya bi shi.

"Wannan ba zai kama ba," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa. "Wannan ma."

Haushi ya riga tsoro zuwa bakin Dogo. "Haba baiwar Allah! Me na tsare miki? Da aikina za ki raba ni!"



Sai ruwa mai sanyi ya zubo cikin takalmansa.

"Kai kam za ka kama," in ji muryar.

Ya yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Takalman sun nutse har idon sawu. Hannuwa biyu, dogaye, busassu, suna tattaro ƙasa suna dannawa a gindin ƙafafunsa, daidai yadda shi ma yake danne sabon dashe.

Wani abu ya fara tsikarar tafin ƙafarsa daga ciki, yana neman hanyar fita.

Ya ambaci Allah, ya dogara shebur, ya fizgi ƙafafunsa da iya ƙarfinsa. Ya ji wasu abubuwa sun tsintsinke. Ya fita da gudu, ba takalmi.

Da safe takalman na nan tsaye inda ya bar su. Wasu jajayen furanni da ba wanda ya san sunansu sun cika su, sun malala har ƙarshen fangalin. 'Yan kallo sai ɗaukar hoto suke.

Ba a kori Dogo ba. Amma tun ranar ba ya yarda ya daɗe tsaye a kan ƙasa, kuma duk mako matarsa kan zauna da almakashi ta datse fararen zaruruwan da ke tsirowa a tafin ƙafarsa.

Shugaba kuwa, duk inda ta haɗu da shi sai ta washe baki. "Ashe kana da basira haka, ka tsaya kana ɓata min rai? Baɗi ma irin wannan nake so."