Miyar Ayoyo Ba Gishiri

Zuera ta kife kwandon a ƙasa ta girgiza shi, kamar dai naman zai faɗo daga cikin saƙar.

Babu nama. Babu kwalbar manja. Hatta gishirin da ta ƙulle a takarda ya yi ƙafa.

Abin da aka rage mata shi ne garin masara, damin ganyen ayoyo, daddawa, citta, albasa biyu da 'yan busassun kifin nan da ake kira amane. Wanda ya yi aikin bai ga sun isa a sata ba.

A ɗaya gefen rumfar girkin Sharifa na juya jalof, mai na ta tsalle a tukunya.

"Wani abu ya ɓata ne, 'yar Maamobi?" ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba. "Sai haƙuri... gidan haya ne, hannu ya yi yawa."

Zuera ta haɗiye kukan da ya taso mata. Ta san hannun, ga shi nan riƙe da ludayi.

Shekara biyu ke nan Mas'udu, telan nan na bakin titin Nima, yana neman auren Zuera, shekara biyu kuma mahaifiyarsa Hajiya Ƙaltume tana cewa ba da ita ba. Wai yarinyar 'yar ƙabilar Dagomba ce daga unguwar Maamobi, uwarta ta yi dako a kasuwa, Hausarta ma ba mace ba namiji. Ita Hajiya jikar Katsinawa ce, kuma ba ta bari a manta. Zaɓinta Sharifa, 'yar ƙanenta, babban mahauci a Sabon Zongo. Da Mas'udu ya rantse gara ya tsufa a kan keken ɗinki, sai ta yanke hukunci: ranar Juma'a kowacce ta yi abincin rana a gidanta, wadda Hajiya ta cinye abincinta ita ce surukarta. Kowa a gidan ya san an gama zaɓe tun kafin a hura wuta.

Ruwan Yuni na dukan kwanon rufi, daminar farko mai albarka bayan shekarar yunwa. Cikin ruwan nan Mas'udu ya leƙo ta bayan rumfa, rigarsa sharkaf. Kallo ɗaya ya yi wa kwandon ya gane. Ya ce yanzu zai ruga kasuwa, ko rigar jikinsa ce ya jinginar ya kawo mata nama da mai.

"Zuzu, rabin raina... kada ki yi kuka. Minti goma."

Har ya juya ta riƙe bakin rigarsa.

Wani abu ne ya faɗo mata. Da safe da suka shiga gaida Hajiya, Sharifa ta faɗa jikin gwaggonta tana shagwaɓa. Ita kuwa Zuera, da ba ta da wannan gatan, ta durƙusa har ƙasa, kuma aka bar ta a nan ba a ce ta tashi ba. Wanda ya daɗe a durƙushe ƙafafu yake gani. Na Hajiya sun kumbura suntum, igiyar silifa ta nutse a cikin nama. A ƙarƙashin tabarma kuma ga bakin 'yar takardar maganin asibiti ya leƙo.

Ta san wannan kumburin. Shekara uku ta yi tana jinyar mahaifiyarta da shi.

"Kada ka je," ta ce.

Mas'udu ya zaro ido. Ya tuna mata cewa rayuwarsu ce a cikin tukunyar nan, ita kuma za ta shiga gasa da ganye da ruwa?

"Ka yarda da ni?"

Ya dube ta, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Tsoro yake ji, ita ma haka.

"Na yarda."

Ta hura gawayi a kurfoti. Ta jiƙa kifin ta wanke shi sau biyu, ta daka shi da daddawa da citta. Albasar ta gasa a kan garwashi har ta yi zaƙi. Ta yanka ayoyo ƙanana, ɗanye shar, tsinkar safiyar nan, ta kaɗa shi har ya yi yauƙi. Tuwon zafi kuwa ta tuƙa shi da laushi, irin wanda ba ya wahalar da maƙogwaro. Kafin ladan ya kira sallah ta gama, Sharifa na dariya har da riƙe ciki.

Bayan an sauko daga masallaci aka jera kwanuka a gaban Hajiya, matan gida sun cika ƙofa.

Jalof aka fara buɗewa, ja wur, nama tsibi guda. Hajiya ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu don kara, ta yaba ƙwarai. Sai dai hannunta bai koma ba.

Ta buɗe kwanon Zuera tana yatsina. Tururi ya bugi fuskarta, ƙamshin daddawa ya cika ɗakin. Ta gutsuri tuwo ta dangwala.

Ta tsaya.

"Babu gishiri."

"Ai na faɗa miki, Gwaggo," Sharifa ta cafe, "ko gishiri ba ta san..."

Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta sake gutsura. Ta kuma. Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Matar da ta yi wata biyu tana tura abinci gefe tana cewa azumin nafila take, sai ga ta tana suɗe kwano da yatsa, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Ke, matso nan. Wa ya gaya miki?"

Zuera ta durƙusa.

"Ba kowa, Hajiya. Ƙafanki na gani. Mamana, shi ma haka ƙafanshi ya yi. Likita ya hana shi gishiri da mai, ya ƙi cin komai koraa, ko loma ɗaya, sai wannan miya. Yanzu yana tafiya kasuwa da kanshi."

Wata a bakin ƙofa ta ƙyalƙyale da jin Hausar. Hajiya ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ya cika mata ido.

"Mma... ba ki da lafiya?" in ji Mas'udu. "Kika ɓoye mini?"

Nan ta faɗa musu gaskiya. Hawan jini ne, likita ya ja mata kunne tun kafin damina, ita kuma ta ƙi a gan ta a matsayin tsohuwar da ake yi wa girki daban. 'Yan'uwa na ta aiko da soye-soye, tana godiya tana kwana da yunwa. Ta dubi Sharifa, wadda ta sunkuyar da kai, ta ce kullum tana jikinta amma ba ta taɓa duban ƙasa ba.

Sannan ta kamo hannun Zuera ta ɗaga ta, ta zaunar da ita kusa da ita a kan tabarma.

"Mas'udu, ka gaya wa kawunka Dramani ya shirya. Jibi za a kai goro Maamobi."

Guɗa ta tashi daga bakin ƙofa.

Can a rumfa Zuera ta zauna gaban kurfoti tana kuka tana dariya, farin ciki ya hana ta tashi. Mas'udu ya tsuguna ya lakaci sauran miyar a gindin tukunya, ya ɓata fuska.

"Zuzu, da gaske fa babu gishiri."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Sai ka saba, angona. Ni so nake ka daɗe."